Sunan da Na Soke Ranar Asabar

Ƙarfe tara saura kwata na safiyar Litinin, mu huɗu ne a ofis: ni, da Madam mai wurin, da Oga na leb wanda ke yin gwajin jini, da wata mata daga Anguwan Rukuba da ke zaune a bencin jira, ta naɗe wuyanta da mayafi. Tun asuba ake ruwa, irin na watan Agusta a Jos, wanda ba ya sauka da ƙarfi kuma ba ya ɗaukewa. A daidai wannan lokaci Oga na leb ya leƙo daga ƙofarsa ya ce mini akwatin imel ya ƙi buɗewa.

Wurin aikinmu ɗakin gwaje-gwaje ne mai zaman kansa, a saman wani bene da ke bayan kasuwar Terminus. Jini da fitsari a nan muke gwadawa. Abin da ya fi ƙarfinmu, kamar ɗan naman da likita ya yanko daga jikin mutum, Legas muke aikawa, sakamakon ya dawo ta imel. Imel ɗin namu kuma ba a hannun wani kamfani yake ba. Madam, wadda iyayenta suka zo daga gabas amma a Jos aka haife ta, ta ƙi yarda sirrin marasa lafiya ya zauna a inda idonta ba ya kaiwa. Sai ta sa wani injiniya ɗan Ibadan ya haɗa mana kwamfuta guda a ɗakin ajiya, wadda muke kira saba. Duk wasiƙar da ta shigo ko ta fita, ta cikinta take bi. Da injiniyan zai koma garinsu, ya bar mini ita da takarda shafi biyu ta abin da zan yi da wanda ba zan yi ba.

Ni ba injiniya ba ne. Sakandare na gama, na riƙe sito shekara goma sha ɗaya a wani shagon kayan gini, sannan na yi wata shida ina koyon kwamfuta. Aikina a ofishin nan rikodi ne da mabuɗai. Sabar ta faɗo hannuna ne saboda ni kaɗai nake rubuta abin da na yi bayan na yi shi.

Matar da ke benci mai sayar da kayan miya ce. Ƙari ne ya fito mata a wuya, aka yanki ɗan nama sati uku da suka wuce, muka aika Legas. Likitan da zai yi mata tiyata daga Abuja yake zuwa, Litinin ɗaya a wata. A ranar yake rubuta sunayen waɗanda zai yi wa aiki a zuwansa na gaba, kuma wanda bai ga sakamakonsa ba, ba ya rubuta shi. Ƙarfe ɗaya yake kama hanya. Ranar Juma'a mutanen Legas sun ce wa Madam zuwa yammacin Asabar sakamakon zai iso. Shi ya sa matar ta bar tebur ɗinta ta zo da sassafe, don ta karɓi takarda ta wuce asibiti.

Na shiga ɗakin ajiya na fara dubawa kamar yadda na saba. Na farko, wuta: akwai. Na biyu, wayoyin da ke bayan sabar: duk suna zaune. Na uku, intanet: yana tafiya. Oga na leb, Bayerabe ne mai yawan wasa, ya tsaya a bakin ƙofa da safar hannunsa yana kallona.

"Baba Ɗaya-biyu-uku, yau a lamba nawa za mu tsaya?"

Na ci gaba da dubawa. Na huɗu shi ne manhajojin da ke gudana a cikin sabar, waɗanda injiniyan ke kira sabis. Biyu ne suka shafi imel. Ɗaya tana karɓar wasiƙa daga waje, ɗaya kuma tana kai ta akwatin mai ita, kuma ita ce ke buɗe wa ma'aikata akwatinsu. Na tambayi halin ta farko, ta nuna tana aiki. Na tambayi ta biyu, sai ga jan rubutu. Na sake tada ita kamar yadda takardar injiniya ta ce. Ta tashi, amma akwatin bai buɗe ba.

Akwai wurin da sabar ke rubuta duk abin da ya faru da ita, layi bayan layi, da Turanci. Turancina na takardun ofis ne, na injin kuwa sai na bi shi da yatsa. Na bi. Layi ɗaya ne yake ta maimaita kansa tun ƙarfe biyar da rabi na yammacin Asabar: ba a san wannan mai amfani ba. Kusa da shi ga wani suna mai haruffa biyar. Ina ganinsa na gane sunan. Ni na soke shi da hannuna.

Dole in koma baya in faɗi abin da ya faru ranar Asabar. Sati biyu kafin nan, wata ma'aikaciyarmu ta karanta sakamakon wata maƙwabciyarta, ta je ta faɗa a unguwa. Maganar ta dawo kunnen Madam daga coci. Ta sallami ma'aikaciyar, ta kira ni ta ce kalmar sirri ɗaya da kowa ke amfani da ita, wadda ke manne a ƙarƙashin kibod, ta ƙare. Kowa ya samu tasa, kuma akwatin sakamako ita da Oga na leb kaɗai za su iya buɗewa. Ta ce kafin Litinin.

Ina da al'ada da mabuɗai tun ina sito. Ƙarshen kowane wata nakan ɗauko littafin da ma'aikata ke sa hannu, in jera shi da mabuɗan da aka bayar. Sunan da babu shi a littafin, mabuɗinsa ya dawo, ko na ɗan'uwan mai wuri ne. Ban taɓa rasa ko ƙusa ɗaya ba ta wannan hanya. Ranar Asabar bayan an tashi ƙarfe biyu, sai na ɗauki littafin nan na shiga ɗakin ajiya, na yi wa sabar irin wannan bincike. Kowane ma'aikaci yana da asusu a cikinta wanda yake shiga foldar aikinsa da shi, kuma kowane asusu yana da lamba. Takardar injiniya ta ce lambar da ba ta kai dubu ba ta injin ce, kada in taɓa, daga dubu zuwa sama na mutane ne. Na kwafe na mutanen a littafina, suna da lamba. Goma ne. Takwas na samu a littafin sa hannu. Na tara na wadda aka sallama ne. Na goma lambarsa dubu biyar, can nesa da sauran, kuma harafinsa na farko shi ne harafin farko na sunan wadda aka sallama.

Ban yi shakka ba ko kaɗan. Na ce ai ga ƙofar bayan da ta buɗe wa kanta. Na soke asusunta, na soke wannan ma. Foldojinsu ban taɓa ba, domin a sito idan ma'aikaci ya tafi mabuɗi ake karɓa, ba a ƙona kabad. Sannan na ba kowa sabuwar kalmar sirri, na rubuta a ambulan daban-daban. Na gwada ƙofofin da na rufe ɗaya bayan ɗaya, na ga sun rufu. Ban gwada ko wasiƙa tana shigowa ba. Na yi La'asar, na hau keke napep zuwa gidana a unguwar Congo-Russia, raina a kwance.

Sunan nan ba na mutum ba ne. Asusun da manhaja ta biyu ke aiki da shi ne, shi ke ɗaukar wasiƙa ya sa a akwati. Da na soke shi, ta rasa wanda za ta aika.

Ƙarfe goma saura minti goma na fito na faɗa wa Madam a ofishinta. Ban zagaya ba. Na ce ni na jawo, na faɗi yadda. Ta cire tabarau ta ajiye, ta tambayi abu ɗaya, ko wasiƙun sun ɓace. Na ce ban sani ba tukuna. Na koma na duba. Manhajar farko tana da layin da take tara abin da ta karɓa ba ta samu wanda za ta miƙa wa ba. Layin ya cika. A tsakiyarsa ga adireshin mutanen Legas, ƙarfe shida da minti goma na yammacin Asabar. Sakamakon matar yana cikin ɗakin da nake zaune, amma ban san yadda ake ciro wasiƙa daga layi ba sai ta akwati.

Madam ta kira injiniyan, wayarsa a kashe. Ta kira Legas ta roƙa su sake turowa a wayarta. Suka ce sakamako ba ya fita sai zuwa adireshin da aka yi rajista da shi, kuma canza shi sai da wasiƙa mai hatimi da sa hannun wani da ba ya kan kujera sai da rana. Ban ga laifinsu ba. Da ni ne a wurinsu, haka zan ce.

Matar ta taso daga benci ta zo bakin ɗakin ajiya. Hausarta irin ta kasuwar Jos ce.

"Malam, takarda na bai zo ba ne?"

"Ta zo, Mama. Fito da ita ne ya rage."

"Likita ya ce in ban kawo yau ba, sai wani wata."

Na ce na sani. Ta kalli sabar, ta kalle ni, ta koma ta zauna. Na lura sai ta juya jikinta gaba ɗaya idan za ta kalli gefe, wuyan ba ya juyawa shi kaɗai.

Abin da ya zo mini shi ne in mayar da sunan. Yadda ake buɗe sabon asusu yana cikin takardar injiniya, saboda sababbin ma'aikata. Na buga sunan harafi bayan harafi daga littafina. Sabar ta karɓa. Na sake tada manhaja ta biyu. Ƙarfe goma da minti ashirin na ce Oga na leb ya sake gwadawa da kalmar sirrin da ke ambulan ɗinsa. Ya gwada, ya dawo yana girgiza kai. Na duba rubutun sabar. Maganar ta canza. Yanzu ta san sunan, amma cewa take an hana izini.

A nan na tsaya, domin takardar injiniya ta ƙare kuma ilimina ya ƙare. Sunan ɗaya ne, foldar wasiƙu tana nan inda take, to wa ya hana?

Oga na leb ya ɓace minti goma, ya dawo da wayarsa a hannu, Madam na bayansa. Ya ce ya bincika, mutane da yawa sun shiga irin wannan, kuma umarni ɗaya ne ke warware shi: a buga lamba bakwai sau uku a jere a kan foldar wasiƙu da duk abin da ke cikinta. Na tambaye shi me bakwai ukun ke nufi. Ya karanta ya ce yana nufin kowa ya shiga, kowa ya karanta, kowa ya rubuta. Na tambaye shi ko ya taɓa yi. Ya ce a'a. Na tambaye shi yadda ake mayar da kowane fayil yadda yake bayan an gama. Ya ce wannan sai a bincika daga baya. A lokacin sauran ma'aikata sun iso, kowa ya shiga sabar da asusunsa, har da mai teburin karɓar baƙi wadda ƙawar wadda aka sallama ce. A cikin foldar nan akwai sakamakon mutane na shekara uku.

Na ce ba zan buga ba.

"Baba," in ji Oga na leb, kuma wannan karon babu wasa a muryarsa, "minti biyar ne. Mu buɗe, mu ciro takarda ɗaya, ka rufe abinka. Kalli matar nan."

Madam ta ce ya ba mu wuri. Ta tura ƙofar ɗakin ajiya, ta tsaya tsakanin kwalayen safar hannu, ta yi magana ƙasa-ƙasa.

"Malam, tun da ka zo wurin nan ban taɓa ce maka ka bar tsarinka ba. Yau ina ce maka."

"Madam, wurin naki ne. Kalmar sirrin babban asusu tana cikin durowarki. Ga kujera. In kin buga, ba zan riƙe hannunki ba. Amma ni ba zan sake buga abin da ban san yadda ake warware shi ba. Ranar Asabar na yi, ga shi muna ciki."

Ta daɗe tana kallon kujerar. Ba ta zauna ba. Ita ma tsoron injin take ji, kuma maganar cocin nan ba ta bar ta ba. Ta ce ta ba ni zuwa sha ɗaya da rabi, bayan nan za ta sa Oga na leb ya buga, ni kuma in san inda zan nufa. Ƙarfe goma da minti arba'in ne a lokacin. Na rubuta lokacin a littafina.

Na koma kan takardar injiniya na karanta ta daga farko, ko akwai abin da na tsallake. Babu. Na soke sabon asusun na sake buɗe shi, ko na yi kuskuren harafi. Abu ɗaya. Na kashe sabar gaba ɗaya na kunna, wannan ya ci minti takwas ina kallon baƙin allo. Abu ɗaya. A waje ina jin firinta tana fitar da takardun wasu, ina jin mai teburin baƙi tana ce wa matar ta sha shayi, matar tana cewa ba ta iya haɗiya da safe.

Ƙarfe sha ɗaya da kwata na yi abin da nake yi idan kaina ya ƙulle. Na ɗauki biro na fara kwafe layin da ke cewa an hana izini, harafi bayan harafi, ba don na fahimta ba, don dai in samu abin da zan karanta wa injiniyan idan ya kunna waya. Layin dogo ne, ya wuce bakin allo. Duk safiyar nan farkonsa kaɗai nake karantawa, in tsaya inda na gane. Da na matsar da shi don in kwafe sauran, sai na ga lambobi biyu. Ɗaya tana kusa da sunan da na mayar: dubu da takwas. Ɗaya tana kusa da foldar wasiƙu: dubu biyar. Na buɗe shafin Asabar a littafina. Dubu biyar.

Injin ba da suna yake sanin mai abu ba, da lamba yake sani. Na mayar da sunan, amma ya ba shi sabuwar lamba kamar sabon ma'aikaci, ita kuwa foldar tsohuwar lambar take jira.

Yadda ake canza lamba babu shi a takardar. Na fita na kira Oga na leb, na ce ya nemo mini a wayarsa, wannan kaɗai. Ya zauna a kan kwali ya fara nema. Sha ɗaya da rabi ta yi, Madam ta zo ta tsaya a ƙofa. Na nuna mata lambobin biyu. Ban san ko ta gane ba, amma ta ga ni da Oga na leb kanmu a haɗe, sai ta ƙyale mu ta ci gaba da tsayuwa. Intanet ɗin wayarsa yana jan ƙafa saboda ruwa. Abin da ya fara samu na wata irin saba ne ba tamu ba. Na biyu ya yi daidai. Na tambaye shi yadda ake warwarewa, ya ce umarnin ɗaya ne, sai dai a sa tsohuwar lambar. Na rubuta duka biyun kafin in taɓa kibod.

Na buga, sabar ta ƙi, ta ce ana amfani da asusun. Sai na gane dole a tsayar da manhajar tukuna. Na rubuta jerin a littafi: a tsayar da ta biyu, a canza lamba, a tada ta biyu, a gwada akwati, sannan a ce wa ta farko ta saki layi. Na bi su ɗaya bayan ɗaya. Har sau biyu ina goge harafi. Ƙarfe sha biyu da minti biyar Oga na leb ya je ya gwada, ya ɗaga hannu daga ƙofarsa. Akwatin ya buɗe, tsofaffin wasiƙu duk suna nan. Na saki layi. Wasiƙun kwana biyu suka fara shigowa bisa yadda suka ga dama, ta Legas ba ta cikin na farko. Muka jira. Ta shigo. Oga na leb ya rufe ƙofarsa, ya fitar da ita, ya buga hatimi, ya sa a ambulan ya manne. Ban gani ba, ban kuma tambaya ba. Ƙarfe sha biyu da minti ashirin ya sa ambulan a hannun matar.

Na ce wa Madam zan raka ta, don idan an ce ta makara in faɗi dalili. Madam ta kira wata nas ta asibitin wadda suke coci ɗaya, ta roƙe ta ta riƙe likita. Nas ɗin ta ce su yi sauri, yana gaggawa, ba ya son gangaren Hawan Kibo da ke hanyar Abuja ya same shi cikin ruwa da yamma.

Keken farko da muka tare ya cika. Na biyu ya ce ba can ya nufa ba, sai da na ce zan ɗauke shi shata. Ya saki labulen leda na gefe, muka shiga. A Terminus masu talla sun ja kayansu zuwa bakin titi don gudun laka, motocin haya sun tsaya inda suka ga dama suna lodi, hanya ta zama layi ɗaya. Matar ta sa ambulan ɗin a cikin rigarta, ta dafe shi da hannu. Ina kallon agogo, ina ƙirga kwanonin hanya da suka rage.

Ɗaya saura minti goma muka shiga ƙofar asibitin. Nas ɗin tana tsaye a baranda, da ganin fuskarta na sani. Ta ce ya tafi minti goma sha biyar da suka wuce, ta riƙe shi iya yadda za ta iya. Ta kira shi a gabanmu, bai ɗauka ba. Ta ce ko ya ɗauka ba ya rubuta suna sai ya ga takarda kuma ya taɓa wuyan da hannunsa. Za ta ajiye sakamakon a fayil, matar ta dawo Litinin ɗin wata mai zuwa.

Muka tsaya a barandar muna jiran ruwa ya lafa. Na gaya wa matar duk abin da ya faru, yadda za ta gane. Na ce takardarta ta iso tun Asabar, ni na rufe mata hanya bisa kuskure. Na ce kuma yau da safe an kawo wata hanya mai sauri, ni na ƙi bi, da na bi da tun sha ɗaya tana gaban likita. Ta saurare ni har na gama.

"Me ya sa ka ƙi?"

Na ce da an bi, da takardun kowa sun buɗe ga kowa a ofis na ɗan lokaci, har da tata, kuma ban san yadda zan rufe ba.

Ta gyara mayafinta. "Malam, wuya na kowa yana gani a kasuwa. Babu abin ɓoyewa. Wata ɗaya kuma, kai ba ka san yadda nake kwana ba."

Na tare mata keke zuwa Anguwan Rukuba, ta shiga ba ta waiwayo ba.

Da La'asar injiniyan ya kunna waya ya kira. Na karanta masa abin da na yi daga littafi, tun daga Asabar. Ya ce gyaran da na yi shi ne daidai, babu abin da zai ƙara. Ya ce laifinsa ne da bai rubuta mini cewa akwai asusun injin guda mai babbar lamba ba. Sai na tambaye shi batun bakwai uku. Ya ce ba abu ne da ake so ba, amma da ya yi aiki, kuma rufewa umarni biyu ne, da an kashe wa ma'aikata shiga na minti goma an gama. Na rubuta umarnin biyun. Na gode masa.

Madam ba ta sallame ni ba. Sati ɗaya ba ta yi mini magana ba sai ta aiki. Oga na leb ya daina kirana da sunan wasan nan, kuma wannan ya fi zafi. Matar ba ta sake zuwa wurinmu ba. Nas ɗin ta faɗa wa Madam cewa a zuwan likita na gaba an rubuta sunanta, aikin kuma sai wanda ke biye. Abin da takardar ta ƙunsa ban sani ba, don haka ban san abin da wata ɗayan nan ya ci mata ba. Ina iya buɗewa in duba, babu ƙofar da ke rufe gare ni a sabar nan. Ban buɗe ba.

Har yau ban yanke wa kaina hukunci a kan abin da na ƙi yi ƙarfe goma da minti arba'in ba. A kan na ranar Asabar kuwa na yanke tuni. Mai karatu, in kai ne ke riƙe da injin da saƙon mutane ke bi ta cikinsa, ina roƙonka abu ɗaya. Duk ranar da ka canza wani abu a cikinsa, kada ka kulle ɗakin ka tafi gida sai ka aiko wa kanka wasiƙa daga waje, ka zauna, ka ga ta shiga akwati da idonka.